Ɗorawar da Ba a Sayar Mini Ba

Filin farko da na saya don gina ɗakunan haya a gefen Bunguɗu yake, yankin tsohuwar gona, da babbar ɗorawa a tsakiya. Dillali ya yi ta yaba mini inuwarta, na biya a gaban shaidu.

Ranar da na kawo masu sare bishiyar, sai ga wata tsohuwa, gwaggon wanda ya sayar mini, ta zauna a gindin bishiyar.

Ta ce, "Ƙasa anka saida maka, Malam, ba icce ba."

Na kai ƙara wurin mai unguwa. Ya ce gaskiyarta: da aka raba gado, gonar ta zama ta ɗan'uwanta, ɗorawar tata. Shaiduna duka sun sani, suka ce ai ban tambaya ba. Har yau ba na gaisawa da dillalin nan.

Na taya bishiyar, ta ƙi. Dole na rage ɗakunan, na bar mata hanyar shiga.

Duk shekara tana zuwa a kaɗe mata 'ya'yan, ta yi daddawa. A wurinta matata take saye. Ko gyara ba ta taɓa yi mana ba.