Giginyar da Kawu Ya Sare

A bayan gidanmu na unguwar Fezzan akwai wata giginya da ta girmi mahaifiyata. Ƙarƙashinta nake zama da littafina idan na dawo hutu daga makarantar 'yan mata, ina sauraron ganyenta yana kaɗawa kamar ana ruwa a nesa. Kaka kan binne ƙwallayen 'ya'yanta, in sun tsiro ta tono muruci ta dafa mana.

Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya yi soja a yaƙin Turawa, can ƙetaren teku. Ba ya maganar yaƙin, sai labari ɗaya. Wai a wani daji ya ga mutanen da ba sa noma. Sai su kayar da wani itace mai kama da giginya, su tsaga shi, su kankare cikinsa, su wanke su tace, farin gari ya kwanta a ƙasan ruwa. Itace ɗaya yakan ci da gida wata da watanni, in ji shi.

Shekarar da damina ta yi gardama, gero ya yi wuya har burabusko ya koma abincin Juma'a. Wata safiya Kaka ta tafi barka unguwar Umarari. Ina shara na ji sara a bayan gida.

Na ruga. "Kawu! Me kake yi?"

"Tuwo nake nemo miki, 'yar boko. Matsa can."

Ya ci gaba da saran giginyar, ina tsaye ina kallo. Da ta faɗi, sai da ƙasa ta girgiza har cikin haƙorana. Na ɗaga kai, sama ta yi wani irin fili, kamar an yaye rufin ɗaki.

Yini ya yi yana kankara, yana daka, yana tacewa da tsohon mayafi, yana 'yar waƙarsa ta soja. Bayan la'asar waƙar ta tsaya. Ya tsiyaye ruwan a hankali. Abin da ya kwanta a ƙasan ƙwaryar wata 'yar laka ce mai ruwan toka, ko tafin hannuna ba ta cika ba.

A haka Kaka ta same mu. Ta dubi kututturen, ta yi salati, ta zauna daɓas a ƙasa.

"Wallahi na gani da idona, Inna," in ji Kawu. "Fari ƙal."

"Na yarda ka gani. Irin nasu ka gani. Wannan ubanka ya shuka ta."

Ta miƙo mini ƙwaryar. "Dama mana. Ba za ta mutu a banza ba."

Na dama. Yana da ƙasa-ƙasa da ɗanɗanon itace. Kowa ya kurɓa, ban da Kawu.

Washegari Kaka ta binne ƙwallo guda a gefen kututturen, ta kewaye shi da ƙaya. Ta ce duk yunwar da za a yi, kada wanda ya tone shi. Kawu ne yake ba shi ruwa.