Cikin wata biyar da ciwon gefen dama

Cikina na fari yana wata biyar ciwon ya fara, daidai lokacin tsinkar tattasai. Muna shanya a gonarmu ta bakin Komadugu na ji wani abu ya riƙe ni a gefen dama, sama da ƙugu. Inna ta ce kwanciyar yaro ce, in rage sunkuyo. Washegari sai amai da zazzaɓi, ko tari na yi sai na dafe wurin. Maigidana ya tare motar da ta zo ɗaukar buhuna, aka shimfiɗa mini tabarma a baya har Diffa.

Likitan da ya duba ni mutum ne mai magana a hankali. Ya danna gefen, da ya saki hannu sai da na yi ƙara. Aka yi mini ekografi, wato hoton ciki. Jaririn ya fito sarai, zuciya na bugawa, amma ɗan wutsiyar hanjin da likita ke zargi, wanda suke kira apandis, ya ɓuya bayan mahaifa. Ya yi mana bayani cewa sikana, babbar na'urar hoto da za ta iya nuna shi, tana da hasken da ba ya so ya ratsa jariri. Akwai wata na'ura, IRM, mai aiki da maganaɗisu, tana nuna hanjin mai ciki ba tare da wannan hasken ba. Sai dai tana Yamai.

Yayan maigidana a Yamai yake zaune. Da aka faɗa masa a waya, ya dage a sa ni a kar, wato babbar motar fasinja, a kawo ni, kada a yanka mace mai ciki a kan zato. Maigidana kuwa yana girmama yayansa ƙwarai. Likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce zai iya buɗewa ya tarar ba shi ba ne, amma in shi ne, yana iya fashewa kafin mu wuce Damagaram.

Suna ta shawara a kaina kamar ba na wurin. Na tattara ƙarfina na ce, “Likita, da ƙanwarka ce fa?”

Ya ce, “Da yau zan yi mata aiki.”

Na dubi maigidana na ce ya sa hannu a takardar yarda da aikin, ni zan ba Yaya haƙuri da bakina.

Da na farfaɗo, ban tambayi hanji ba. Ungozomar asibitin ta gane, ta ɗora mini abin saurare a ciki, na ji bugun da kunnena, da sauri kamar gudun ɗan akuya. Daga baya maigidana ya ce an nuna masa abin da aka cire, ya kumbura, saura ƙiris.

Kwanakin da na yi a gadon nan ina tuna su da daɗi. Inna na kawo kunun gyaɗa da safe, matan da muke tsinka tare, wasunsu 'yan gudun hijira daga ƙetaren kogi, suka zo da busasshen kifin Bosso suka cika ɗakin da hira, ina roƙonsu su daina ba ni dariya saboda ɗinki.

Cikin zafin bazara na haifi mace. Yaya ya zo suna da turmin atamfa. Har yau yana nan kan bakansa cewa sa'a muka yi, kuma ban taɓa musa masa ba. Ranar sunan ya riƙe yarinyar ya daɗe yana kallonta, har sai da Inna ta ce ya kawo ta a yi mata wanka.