Yadda Muka Sayo A-kori-kura Mai Ruwan Ɗorawa

Haɗeja, Litinin

Ana idar da sallar asuba na biya gidan ƙanwata, Hajiya Dije, don mu yi sallama. Sabuwar a-kori-kura za mu sayo a Kano kafin girbi, domin masu motar haya sun isa da mu wajen kwaso shinkafa daga gonarmu ta Baturiya. Rabin kuɗin na shinkafar bara ne, rabi na shanunta da ta sayar.

"Yaya," in ji ta, "ba ni da sauran saniyar sayarwa. Mota za ka kawo mini, ba labari ba. Kuma abokinka Ba Modu ne zai yi cinikin."

Ban yi musu ba. Ni fuskata ba ta iya ɓoye abin da ke raina. Da ƙuruciya na taɓa sayen mota da kuɗin gadonmu, ina shafa ta ina yabonta a gaban mai ita, ko kwabo bai rage mini ba. Har da rabon Dije a ciki, kuma ba ta manta ba.

Ba Modu abokina ne tun muna yara, Babarbare mai fataucin bandar kifi. A tasha na same shi ya riga ya kama kujerar gaba.

"Ɗan Fillo, shiga baya," ya ce. "Gaba wurin iyayengiji ne."

"Warin kifi ya sa aka ware ka," na ce.

Ƙarfe shida da rabi muka tashi. Ruwa ya cika fadama dama da hagu, masunta na ta fitowa da komaye. A Gujungu muka karya da shayi da ƙosai, Modu ya ce Bafillace ne zai biya tunda mai shanu ne. Na biya. Bayan Ringim aka tsayar da mu a shinge, direba ya sauka da takardunsa, ya dawo yana gunaguni, muka wuce.

Kano, rana ta farko

Kafin mu shiga kamfanin sayar da motocin, Modu ya ja ni gefe. "Ka ɗinke bakinka. In ka ga wadda ta burge ka, kalli silin."

Muna shiga na gan ta. Fara sol, ta bana, tana sheƙi. Ban san lokacin da na ce "Masha Allah!" ba, har hannuna ya kai kan ƙofarta. Mai sayarwa, wani matashi mai fara'a da ake kira Nura, ya taso da murmushi.

"Baba ya san kaya. Wannan ba ta kwana biyu a nan, layi ake yi mata."

Modu ya taya, Nura ya ce albarka. Ya ƙara, ya sake cewa albarka. Abin da ke hannunmu ya gaza da kusan miliyan uku. Muka fito muka zauna cin shinkafa da wake a bakin titi, sai Modu ya dube ni.

"Saniya ma in ta ga dusa tana ɗan jan aji," ya ce.

Abincin bai shiga ba. Ina ta tunanin da wace fuska zan koma wa Dije.

Mun sauka a gidan Alhaji Bukar, ɗan uwan Modu, wanda ya daɗe yana harkar kayan gyaran mota. Da la'asar muka zauna a zaure, ya ji labarinmu ya yi dariya.

"Kun je kun tambayi amarya. Ku koma ku tambayi wadda ta fi daɗewa a wurin. Mota in ta ƙi fita, ciwon kai ce gare su: ta tare wuri, ta riƙe musu jari, ga ta bana ta iso. Kuma wata ya zo ƙarshe, kowa na so ya nuna ya yi ciniki. Ku fara jin farashi a wani kamfanin, ku je da shi a baki."

Kano, Talata

Haka muka yi. Da hantsi muka leƙa wani kamfanin muka ji nasu farashin, sannan muka koma wurin Nura.

"Yaro," in ji Modu, "wacce ce ta gaji da ganinku a nan?"

Nura ya sosa ƙeya, ya zagaya da mu bayan gini. Ga ta nan ƙarƙashin rumfa. Sabuwa ce, ledar kujerunta ma ba a cire ba, amma ta bara, mai giyar hannu. Launinta kuwa ruwan ɗorawa ne, kamar a-daidaita-sahu. Wai wani ne ya sa aka kawo masa, daga baya ya fasa.

Raina ya ɓaci nan take. "Modu, wannan zan shiga Haɗeja da ita? Da furfurata?"

"Ta dace da kai. Shanu za su riƙa hango ka daga nesa."

"Wallahi ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara!"

Nura ya dubi fuskata, ya faɗi farashi ƙasa da na farar. Modu ya ce wancan kamfanin ma ai sun kusa haka, kuma tasu ba ta yi shekara tana shan rana ba. Ni ban tsaya ji ba. Na saɓa babbar rigata na nufi ƙofa, kuma Allah ya sani ba dabara ba ce, tafiyata zan yi. Har na kai bakin titi ina tsayar da abin hawa, sai ga Nura da gudu, manajansu na biye da shi.

"Baba, a yi haƙuri a dawo. Ai magana ba ta ƙare ba."

Na dawo ina huci. Duk lokacin da manajan ya faɗi kuɗi, sai ya saci kallona, ni kuwa da na tuna launin sai fuskata ta ƙara yamutsewa, shi kuma sai ya ƙara ragewa. Modu ya ce batirin ya daɗe a zaune, a sa sabo. Aka yarda. Ya ce a canza baƙin mai, a duba tayoyi, juyen mai na farko kuma kyauta. Aka yarda. Da aka iso daidai abin da ke hannunmu, har da ɗan saura na rajista da man komawa gida, manajan ya miƙo hannu ya ce, "Na sallama."

Modu ya taka mini ƙafa. "Ɗan Fillo, kar ka kuskura ka yi murmushi sai mun fita."

Hanyar gida, Laraba

Takardu suka cinye mana sauran ranar, sai da safe muka kamo hanya, ni ke tuƙi. Kafin Gezawa mutum uku suka ɗaga mini hannu, wata mata har tana cewa, "Mai mota, Ringim nawa?" Modu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. A shinge jami'in ya duba takardu, ya dubi motar, ya ce, "Baba, da kanka ka zaɓi launin nan?" Na ce ƙaddara ce. Amma fa injin lafiya lau, ko a ramukan bayan Gujungu ba ta yi gardama ba.

Ana kiran azahar muka tsaya a ƙofar gidan Dije. Ta fito ta zagaya motar, ta leƙa bayanta tana auna buhu nawa za ta ci.

"Wa ya yi cinikin?"

"Ni na yi magana," in ji Modu, "amma fuskar yayanki ce ta rage kuɗin."

Ta dube ni ta daɗe, sannan ta yi dariya. "Ashe fuskar taka tana da amfani. Yaya, riƙe makullin a wurinka."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Alhaji Bukar da masauki da shawara. Babarbaren nan ma na gode masa, ko da yake ya ce ladansa shi ne in riƙa kai masa kifi kasuwa, yana zaune a gaba.