Gwiwar da Ta Ƙi Miƙewa a Kurfi

Mun tashi da asuba ranar Asabar da ta wuce, bayan an idar da salla, daga ƙofar gidana a Dutsin-Ma. Mu uku ne a cikin a-kori-kura: ni, da direba, da wani matashin malamin motsa jiki ɗan Kudu wanda ke koyarwa a garin nan. A bayan motar mun ɗaure katifun wasa biyu da kujerata ta ƙarfe. Na shaida wa direba tun jajibiri cewa ba na jiran kowa, kuma bai sa na jira ba.

Dalilin tafiyar shi ne wannan. Tun da aka ba mu sabuwar jiha, aka ɗora mini alhakin haɗa 'yan wasan motsa jiki da za su wakilci yankinmu, duk da na yi ritaya. Gurbi ɗaya ya rage. Sai aka kawo mini labarin wani saurayi a Kurfi mai suna Sa'idu, mai aiki a injin niƙa, wanda ya koyi rawar nan ta zamani da ake kira birek ta hanyar kallon bidiyo. Aka ce yana juyi a kan kansa, yana tsayuwa a kan hannu ɗaya. Aka kuma ce mahaifinsa ya yanke hukunci: idan malamin Dutsin-Ma, wato ni, ya gani ya ce abin yana da amfani, zai bar ɗan nasa ya tafi gasa, idan ya ce shirme ne, daga ranar Sa'idu ya bar shi har abada.

Ban tafi da kyakkyawan zato ba. A makarantar mishan inda aka horar da ni, malaminmu yana yawo da siririyar sanda, kuma duk wanda yatsun ƙafarsa ba su miƙe ba, a nan sandar take sauka. A haka na koyar fiye da rabin rayuwata. Abin da ake yi ana kiɗa da shewa, ban ɗauke shi wasan motsa jiki ba.

Hanya ba ta da laifi, sai dai ruwan ƙarshen damina ya cinye gefenta a wurare da dama, kuma direbanmu yana da ra'ayin cewa rami abin tsallakewa ne, ba abin kaucewa ba. Dawa ta yi tsawo har ta rufe ƙauyuka, gero kuwa an fara yanka. Muka tsaya a wani ƙauye muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance ƙwarai a kan yadda na san shi, kuɗinsa kuwa bai ƙanƙance ba, na kuma faɗa wa mai suyar haka. Ta ce in kai ƙarar wake. Wani masunci daga madatsar ruwa ta Zobe ya matsa mana da busasshen kifi, abokin tafiyata ya saya, muka ƙarasa Kurfi motar tana ƙarni.

An shirya mana wuri a filin wata makarantar firamare, ƙarƙashin itatuwan darbejiya. Aka shimfiɗa katifun. Na kafa kujerata a gabas da su. A yamma kuwa, daidai ɗaya ƙarshen katifun, aka ajiye benci inda mahaifin Sa'idu ya zauna tare da wasu dattawa biyu. Mahaifin nasa wani Alhaji ne dogo, marar yawan magana. Bayan mun gaisa ya ce mini, "Malam, ni ban san kan wanga abu ba. Abin da ka ce shi za a yi."

Sa'idu ya zo ya durƙusa ya gaishe mu. Abokansa sun zo da rediyo mai kaset, na ce a kashe. Suka dubi juna, suka kashe.

Dole in faɗi gaskiya a kan abin da na gani da farko. Ya yi wani juyi da suke kira fanka, inda ƙafafu ke kewaya jiki a buɗe, hannuwa suna karɓar nauyi ɗaya bayan ɗaya. Wannan a wurinmu darasi ne na manyan ɗalibai, shi kuwa ya koye shi a kan simintin ɗakin injin niƙa. Ya tashi tsaye a kan hannuwansa ba tare da wurga ƙafa ba, a hankali, kamar ana janye shi da igiya. Kafaɗunsa ƙaƙƙarfa ne. Amma juyi yana ɓoye kuskure, domin ido ba ya kama abin da ke gudu. Tsayawa cik ita ce ke tona asirin ɗan wasa.

Saboda haka na ba shi jarrabawar da nake ba kowa, wadda muke kira shimfiɗa. Mutum ya dafa ƙasa da hannuwa biyu a miƙe, ya ɗaga dukkan jikinsa ya shimfiɗa shi a iska kamar katako, kai a gaba, ƙafafu a baya, babu abin da ke taɓa ƙasa sai tafin hannu. Gwiwa a miƙe, har in ƙirga uku. Dama uku nake bayarwa, kuma ban taɓa ƙara wa kowa ta huɗu ba. Na bayyana wannan a gaban kowa.

Ya fuskance ni, ya dafa, ya tashi. Jikin ya hau daidai, amma maimakon ya miƙe ƙafafu sai ya naɗe gwiwoyinsa zuwa ciki. Na ce, "Ba ta yi ba."

Ya sake. Wannan karon ƙafafun suka fara miƙewa, har na buɗe baki zan fara ƙirga, sai ya janye su da sauri kamar ya taɓa wuta. Na ce, "Ba ta yi ba. Saura ɗaya."

Alhaji ya sunkuyar da kai yana jan carbinsa. Abokin tafiyata ya matso ya raɗa mini cewa cikin yaron ne ba shi da ƙarfi, kada mu ɓata lokaci. Ban yarda ba. Na ga masu raunin ciki ba iyaka: ƙugunsu yakan faɗi, hannunsu yakan yi rawa, fuskarsu takan kumbura. Wannan hannunsa bai motsa ba, numfashinsa bai canja ba. Ƙafar da ta gaji faɗuwa take yi ƙasa, ba ta komawa ciki. Wannan da gangan ake janye ta.

Na kira shi kusa, na ce, "Me ya hana ka miƙe gwiwa?"

Ya durƙusa yana kallon ƙasa. Na ce ba na maimaita tambaya. Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, Baba na bayana."

Na ɗaga kai na duba. Hakika, idan ya fuskance ni ya miƙe, tafin ƙafafunsa biyu za su tsaya a iska daidai fuskar mahaifinsa da dattawan nan. Yaron da ko a tabarma ba zai miƙe ƙafa wajen ubansa ba, ina zai nuna masa tafin ƙafa a bainar jama'a? Ya gwammace ya faɗi jarrabawar, ya rasa wasan gaba ɗaya. Juya mini baya kuma, ni baƙo mai furfura, shi ma ba zai iya ba.

Ba a tayar da dattawa daga mazauninsu saboda wasan yara. Don haka ni na tashi, na ɗauki kujerata da kaina, na kewaya katifun, na ajiye ta kusa da Alhaji. Na ce, "Alhaji, a ba ni wuri, rana ta same ni a can." Ya matsa, ko da yake babu wata rana a can, kuma ina jin ya sani.

Yanzu Sa'idu yana fuskantarmu duka, ƙafafunsa suna kallon abokansa da ke tsaye a wajen da na taso. Ɗayansu ya ɗaga murya ya ce, "Miƙe abinka, Sa'idu! Mu ba mu da martaba, sai dai ka tausaya mana da wari!" Aka yi dariya, ban hana ba.

Na ce, "Ta ƙarshe."

Ya dafa, ya tashi, ya shimfiɗu. Daga kafaɗa zuwa diddige layi ɗaya ne, da an ɗora masa kwanon ruwa a baya da bai zube ba. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku, a hankali kamar yadda na saba, ban sassauta ba. Bai sauka ba. Alhaji ya dafa hannuna ya ce, "Malam, ci gaba da ƙirga mana, mu ga iyakarsa." Ban ci gaba ba, domin ƙa'ida uku ce, amma na bar shi a sama har ya sauko don kansa.

Na shaida wa Alhaji cewa abin da ɗansa yake yi ba shirme ba ne, ƙarfi ne da ilimi, kuma na ɗauke shi. Na shaida wa Sa'idu cewa yatsun ƙafarsa ta hagu a buɗe suke kamar na agwagwa, kuma ba zai shiga gasa da su haka ba. Alhaji ya ce, "Ka gyara shi, Malam, naka ne."

Aka kawo mana fura da nono daga gidansu, mai kauri, ba irin ta tasha ba. Muka yi azahar a Kurfi, muka kamo hanya. Abokin tafiyata ya yi ta mamakin yadda wurin zama zai hana mutum cin jarrabawa. Na ce masa ya riƙe wannan idan zai daɗe yana koyarwa a ƙasar nan: kafin ka auna ƙarfin yaro, duba wanda ke zaune a bayansa. Ban sauya ƙa'ida ba, kuma ba zan sauya ba. Kujera kawai na matsar.

Mun iso Dutsin-Ma kafin la'asar. Gurbin ya cika. Sa'idu ya fara horo ranar Litinin.