Ƙofar da Ba Ta San Gaisuwa Ba

Karatuna bai wuce firamare ba. Abin da na iya a duniya shi ne gyaran ƙofar shago, irin ta alminiyam da gilas, da ƙarfen nan da ake kafawa a samanta, mai lanƙwasa kamar gwiwa, wanda yake mayar da ita ta rufe da kanta. Ni hannu nake ce masa. A cikinsa akwai sifirin da mai. Sifirin yana ja, man kuma yana riƙe shi don kada ya yi gaggawa. A gefe akwai 'yan ƙananan sukurori da ake juyawa a ƙara sauri ko a rage. A Kano na koya, sannan na dawo ƙauyenmu kusa da Ɗambatta, ina noma da damina, ina bin shaguna da rani.

A shekarun da fetur ya yi tsada, kwanon gero ya fi ƙarfin mai iyali, babu mai sayen sabon hannu. Idan ya fara tsiyayar mai, sai in kwance shi, in yanka roba in toshe, in zuba man mota, in mayar. Haka muka yi ta lallaɓawa, mu da ƙarafan.

Akwai wani kemis a bakin kasuwa. Mai shi matashi ne mai haƙuri, ya karanci aikin lafiya, yana auna wa tsofaffi hawan jini kafin ya ba su magani. Dole ƙofarsa ta zauna a rufe, saboda wuta ba ta zuwa, ɗan sanyin fankar sola ne kawai yake kare magungunan daga zafi, ga kuma ƙudaje daga rumfar mahauta.

Sai dai mu a wajenmu mutum ba ya faɗawa ɗaki kai tsaye. Zai tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya cire takalmi, ya tambayi kwana da gajiya da iyali, sai an amsa masa duka sannan ya shiga. Don haka kullum sai wani ya turo rabin bulo ya tare ƙofar. Wani kuma ya zo ya finciko ta alhali bulon yana nan, ƙyauren ya karkace, hannun ya koma tsiyaya. In gyara, in jefar da bulon bayan shago, in dawo in tarar da shi a wurinsa.

Wata rana raina ya ɓaci. Na hau benci na ɗaure sifirin har ƙarshe, na sake wa man hanya. Ƙofar ta koma kamar jakin da ya hango gida.

Mai kemis ya gwada ta, ya ce, “Injiniya, anya ba ta yi ƙarfi da yawa ba?”

Na ce, “A Kano haka ake yi. Bari mu ga bulon da zai riƙe ta yanzu.”

Ba haka ake yi a Kano ba. Wanda ya koya mini aiki da ya ga wannan ɗaurin da ya ƙwace sukundireba daga hannuna. So nake in ci galaba a kan mutanen garinmu, in nuna musu na fi su sanin yadda ake shiga shago. Allah Ya yafe mini.

Ranar kasuwa Baffana ya zo, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni bayan rasuwarsa. Ba na wurin, mai kemis ne ya ba ni labari. Baffa ya tura ƙofar da ƙyar, ya tsaya yana zare takalmi, ya fara gaisuwa. Bai kai ga tambayar iyali ba ƙofar ta doke shi a baya. Ya tafi taga-taga, sandarsa ta faɗi, hularsa ta gangara ƙarƙashin kantar magani. 'Yan acaɓa da ke waje suka kwashe da dariya. Ya ɗauki hularsa, ya kaɗe, ya sa takalminsa ya tafi. Ko awon hawan jinin da ya kawo shi bai tsaya an yi masa ba.

Bai sake komawa ba. Inna, matarsa, ita ta tare ni a zaure ta ce maganinsa ya ƙare tuni, yana kwana da ciwon kai, har jiri ya taɓa ɗibarsa a gona. Na je kemis in karɓo masa, mai shi ya ce ba zai bayar ba sai ya auna, don an daɗe ba a duba shi ba. Ya ce zai zo gida da kansa. Baffa ya aika masa cewa lafiyarsa lau, kada ya wahalar da babur ɗinsa.

Na same shi a gindin ɗorawa yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni na ɗaure ƙofar.

Bai ɗago kai ba. Ya ce, “Wa kake zaton ban sani ba? Garin nan masu gyaran ƙofa nawa ne?”

“Baffa, a yi haƙuri.”

“Kai da ƙofar nan a makaranta ɗaya kuka yi karatu, ko? Ina cikin gaisuwa ta katse ni. Ko kai da nake wanke wa majina ba ka taɓa yi mini haka ba.”

Na ce zan gyara. Ya ce in gyara don masu zuwa, shi ya gama da wurin.

Washegari na koma shagon. Na sassauta sifirin yadda tsoho zai iya turawa da hannu ɗaya. Sannan na zo kan saurin rufewarta, na rasa da me zan auna. Agogo ba zai gaya mini komai ba. Sai na ce wa mai kemis ya zauna a kujerarsa. Na fita, na turo ƙofar, na tsaya na yi sallama irin ta Baffa, a hankali, har da tsayawar da yake yi ya ja numfashi. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya kasuwa. Ƙofar ta taɓa ni. Na hau benci na ɗan juya sukuru, na sake fita na sake gaisuwa. Mun yi ta yi har masu rake suka taru suna kallo.

Mai kemis ya ce, “Injiniya, ko surukina ban taɓa gaisawa da shi haka ba. Sanyina kuma duk zai fice.”

Na ce kaɗan zai fice, amma bulon ba zai dawo ba. Sai ya ce, “To ƙara mata haƙuri kaɗan, don Baffa yakan tambayi mutanen gidan su mahaifiyata ma.”

Ban roƙi Baffa ya zo ba, na san halinsa. Inna na gaya wa yadda na auna ƙofar, ita kuma ta ba da labarin a tsakar gida da ƙarfi, tana dariya, kamar da maƙwabciya take.

Kasuwa ta zagayo, ina rumfar mai shayi da ke kallon kemis, sai ga Baffa da sandarsa. Ya tura ƙofar ta buɗe. Ya cire takalmi ya fara gaisuwa. Ya tambayi kwana da gajiya da iyali. Ya tambayi mahaifiyar mai kemis da mutanen gidansu. Ya ƙara da gona, da awaki, da babur, abin da bai taɓa tambaya ba, yana satar kallon ƙyauren ta gefen ido. Ƙofar tana tahowa a hankali. Sai da ya rasa abin tambaya sannan ta zo ta tsaya a kafaɗarsa, kamar mai son ya ba ta hanya.

Ya juyo ya hango ni. Ya ce, “To, ita dai ta yi hankali. Saura kai.”

Ya shiga ya zauna a benci, ya fara naɗe hannun rigarsa. Ƙofar ta ƙarasa rufewa, ko ƙara ban ji ba.