Tafkin da Ba Mu Isa Gare Shi Ba

Ana sallame sallar asuba muka fita daga Agadas a kan raƙuma, mu huɗu: ni, da kawuna, da abokin fataucinmu mutumin Kusada, sai Buzun da zai nuna mana hanya. Gero muka kai can ƙasar Faransawa daga Kankia, kuma yadda yake tsada a garin har sai da na ji kunyar karɓar kuɗin. Da kaya suka ƙare, mai masaukinmu ya ce kada mu koma ba mu ga duwatsu masu zane ba. Kawu, da tsufansa, shi ya fara cewa a je.

Ni dai ban taɓa ganin ƙasa tsirara haka ba. Manomi ne ni, duk inda na duba gona nake nema, amma tun da muka bar bayan gari babu kara, babu kuka, ko tumfafiya sai an dace. Raƙumi kuwa sai jijjiga mu yake kamar ana tankaɗe. Guzurinmu dabino ne da cuku mai tauri, wanda ya kusa raba kawu da sauran haƙoransa. Ruwa yana cikin salka biyu, babba tamu, ƙarama ta Buzu. Ruwan ja ne, ga warin akuya, mutumin Kusada kuwa tun hantsi yake tsine masa.

Rana ta take tsaka muka isa duwatsun. Mutumin Kusada ya ce cinyoyinsa sun saluɓe, zai zauna wajen raƙuma, mu uku muka shiga. Abin da na gani ya ɗaure mini kai: shanu ne garke guda zane a jikin dutse, da raƙumin dawa, a inda ko ƙadangare ban gani ba. Ashe nan ma an taɓa kiwo. Nan take na tuna gonata.

Da muka fito, babu mutumin Kusada, babu babbar salka, sai danshi a ƙasa yana bushewa a gabanmu. Buzu ya dubi danshin, ya dubi gabas, ya yi salati. Can nesa ga wani tafki shimfiɗe yana ƙyalli, ga mutuminmu yana sauri wajensa da salka a kafaɗa. Wallahi ni ma na ɗauka ruwa ne.

Buzu ya bi shi a kan raƙumi ya komo da shi. Kawu ya ce, "Kai ɗan nan, mi ka yi da ruwan?"

Ya ce, "Kawu, kwantai ne, ga wari. Na zubar in ɗebo muna sabo."

Haka ake yi a gida, kowa ya sani: za a kawo sabon ruwa, sai a juye na jiya a ɗauraye randa. Buzu ya ce, "Wancan ba ruwa ba ne, kawalwalniya ce. Ko ka kwana kana tafiya ba ka isa gare ta."

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Rijiya mafi kusa sai faɗuwar rana, mu huɗu, ga ƙaramar salka ko rabi ba ta kai ba. Buzu ya hana magana, ya sa muka naɗe baki da rawani, yana ba mu kurɓi ɗai-ɗai. Wajen la'asar kawu ya fara sambatu, yana kiran matarsa da ta rasu, sannan ya sulale daga kan raƙumi. Leɓunansa sun tsage, harshe ya kumbura. Na riƙe kansa ina tunanin da wane baki zan gaya wa 'ya'yansa na baro shi a rairayi saboda kallon dutse.

Da rabon ruwa ya zo kan mutumin Kusada, ya kau da kai ya ce a ba Kawu rabonsa. Sau biyu yana yin haka. A na uku Buzu ya kama masa haɓa ya ɗura masa, ya ce ba zai ɗauki gawa biyu ba. Muka ɗaure kawu a bayana, muka ci gaba. Da magariba muka ji kukan awaki. Ruwan rijiyar nan ya fi na salka wari, kuma ban taɓa shan abin da ya kai shi daɗi ba.

Mun iso Kankia lafiya, kawu da ƙafarsa ya shiga gida. Abin da na koyo shi ne, wayon gida a gida yake aiki, in ka fita sai ka tambayi masu ƙasa kafin ka taɓa komai. Kawu ya yafe tun a bakin rijiya, amma mutumin Kusada bai yafe wa kansa ba. Shekaranjiya ya tako tun daga garinsu, ya ɗauki tulu ya ce shi zai jawo wa tsohon ruwa. Kawu ya bi shi da kallo har ƙofa, sannan ya ce, "To, Allah shi yi albarka. Amma na cikin randar, bar mani shi har ka dawo."