Shayi a Ƙofar Gida

Bayan rasuwar babanmu ƙanina ya daina magana, ya daina wanka, sai kwanciya. Abin da ke tashinsa ya hau babur ɗinsa na dakon kaya shi ne ƙwayar taramol. A fada ya koya, inda samarin layinmu ke zaman shayi. A cikin butar ma suke jefa ta.

Muka hana shi fita. Ƙwaya ta tsaya, shi kuwa ya zube a ɗaki kamar tsumma, har abinci ya ƙi.

Likitar da muka kai shi wurinta ta ce ciwo biyu ke damunsa, ƙwaya da baƙin cikin da ke kwantar da mutum, kuma tare ake maganinsu, in an bar ɗaya zai jawo ɗayan. Ta ba shi magani, ta sa masa ranar zuwa hira. Sannan ta ce kada a hana shi shayin la'asar, a dai canza masa abokin sha, kuma a waje, inda zai ga mutane.

To wa zai zauna? Yayyenmu maza kowa ya ce aiki. Sai ni, matar aure da 'ya'yana, in taso daga buro, wato ofis, in zauna a ƙofar gidanmu ina fifita gawayi kamar wani ɗan fada. A unguwar Zongo fa, inda kowa ya san kowa! Wallahi na ji kunya, ba kaɗan ba. Mata su tsaya su ja gaisuwa, ido na kansa. Wata ta tambaye ni da Mosanci ko kiyos na buɗe, wato teburin mai shayi. Surukata da ke unguwar Ouidi ta aiko a tambaya ko lafiya nake. Na riƙa jan mayafi har goshi, ina cika ina batsewa.

Wata la'asar abokansa suka tsaya da babur, suka ce ya taso, ana dafa na gaske a can. Ya miƙe. Sai ya juyo ya dube ni, ya dubi mayafin.

"Yaya, kunyata kike ji ko?"

"Ina ji," na ce. "Sosai ma. Kuma gobe zan fito."

Ya daɗe a tsaye, su kuma suna ta danna masa oda. Can ya ce su gaida gida. Ya zauna, ya karɓe butar daga hannuna, ya ce in matsa, ɓata masa ganyen shayi kawai nake.